Ɗan takara yace zai rushe tsohuwar sakandarenmu ya gina sabuwa, mu yarda?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tambaya da amsa. Wannan makon wasiƙu uku na ware, duk akan makaranta suke kuma duk siyasa ce ta taso dasu, sabida da an buga gangar zaɓe sai tsofaffin makarantun gwamnati su dawo bakin 'yan takara. Kaman kullum na cire sunan gari da na makaranta da na ɗan takara.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah shawara nake nema. Ni tela ce, yarana uku, babbar tana aji biyar a sakandaren 'yan mata ta jeka ka dawo a garinmu, nima can nayi yayata ma can tayi. Yanzu wallahi makarantar ta lalace, ajin su yarinyata iska ta yaye rabin kwanon tun daminar bara, da hadari ya haɗo sai a tashe su, silin duk ya zazzago jemagu sun cika ciki wari ba'a cewa komai, banɗaki kuwa sai dai ta riƙe har ta dawo gida. Toh ɗan takarar majalisar jiha na mazaɓarmu yazo taron mata yace in yaci zai sa a rushe ta gaba ɗaya a gina sabuwa mai bene a bayan gari, wai wannan filin na cikin gari ayi shaguna, kuɗin hayar su riƙa kula da sabuwar. Abokin karawarsa kuma yace a'a gyara za'ayi. Matan unguwa mun rabu biyu har ana gaba a WhatsApp. Wanne zan bi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana yaran yasa albarka a sana'a. Maganar banɗakin nan ita tafi tsaya min a rai, budurwa ta wuni tun bakwai da rabi har ƙarfe biyu tana matse kanta, balle ranakun da take al'ada, da yawansu haka suke fara fashin zuwa, yau ɗaya gobe biyu har ta zauna gaba ɗaya, mu kuma muce yaran yanzu basa son karatu.

Ba zan ce miki ga wanda zaki dangwala wa ba, ƙuri'arki ce. Amma kafin ma azo kan rushewa ko gyara ki riƙe wannan, kujerar da bawan Allahn nan yake nema bata gina makaranta. Ɗan majalisar jiha aikinsa yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da bin diddigin yadda aka kashe. Sakandare ta gwamnatin jiha ce, ma'aikatar ilimi ce zata rubuta aikin, gwamna ya kai kasafi gaban majalisa a amince, sannan a saki kuɗin, kuma nan ne gizo ke saƙa dan aiki sai ya fito a takardar kasafi shekara uku a jere ba'a saki ko kwabo ba. Abun da ɗan majalisa zai iya shine ya matsa lamba a saka makarantarku a kasafi, ya tashi a zaure yayi ƙorafi, ya jawo kwamitin ilimi suzo su gani da idonsu, yayi ta sintiri ofishin kwamishina har a gaji dashi. Wannan ba ƙaramin aiki bane fa in aka samu mai yi tsakani da Allah. Kuɗin aikin mazaɓa kuwa a inda ake basu, yawanci a aji biyu ko uku yake ƙarewa ko rijiyar burtsatse, bai kai ya tada makaranta guda daga tushe ba. Dan haka in yace zan gina, ku tambaye shi da kuɗin wa, kuma ta wace ƙofa kuɗin zasu fito.

Ƙila yace muku ai akwai kuɗin UBEC, hukumar tarayya mai kula da ilimin matakin farko. Eh akwai, dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya dan ilimin matakin farko, sai dai jiha sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka, kuma kuɗin na firamare ne da ƙaramar sakandare, wato aji ɗaya zuwa uku, ajin 'yarki baya ciki. Wanda yafi kusa da matsalarku shine shirin AGILE na Bankin Duniya, an amince dashi a 2020 da dala miliyan 500, ya fara da jihohi bakwai, Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti, daga baya aka ƙara wasu, kuma dan karatun 'yan mata akayi shi, ana gina azuzuwa da banɗakuna, ana kuma bada kuɗin gyara ta hannun kwamitin makaranta na SBMC. Ki samu firinsifal ki tambaye ta ko makarantarku ta taɓa shiga, in ta shiga me akayi da kuɗin. Ɗan takarar da ya san waɗannan abubuwan da bakinsa ba sai yaransa sun raɗa masa ba, toh shi ya zauna yayi tunanin makarantar.

Yanzu bari inzo kan abun da yafi damuna a wasiƙarki, filin. Tsofaffin makarantun nan sanda aka kafa su a gefen gari suke, aka yanka musu fili maka maka, gari ne yazo ya kewaye su, yau filin ya zama zinari kowa idonsa na kai. Maganar ayi shaguna su riƙa ciyar da makaranta tana da daɗin ji, amma wa za'a raba wa shagunan? asusun wa kuɗin haya zai shiga? wa zai duba asusun bayan shi ya sauka? Makarantar da na fara koyarwa muna da filin ƙwallo har da na tsere da wasu manyan itatuwan maina da yara ke cin abinci a ƙarƙashi lokacin tara. Da layi ɗaya na shaguna aka fara a jikin katanga, akace ai ma tsaro ne. Zuwan da nayi na ƙarshe na tsaya a tagar ajin da nake koyarwa, injin markaɗe ne a bayan tagar yana ruri, malamin ciki sai ya ɗaga murya kaman mai talla kafin na layin baya suji, mainar an sare, yaran a kwalta suke buga ƙwallo. Ban ji an taɓa sayen alli da kuɗin hayar shagunan nan ba. Kuma kin ga rusau ɗin da akayi a Kano a 2023, koma wane ɓangare mutum yake goyon baya, asalin rigimar gini ne akan filayen jama'a, dukiya mai yawa ta salwanta, aka shiga kotuna. Filin makaranta in ya fita baya dawowa ta daɗi.

Sannan bayan garin nan da ake cewa, kilomita nawa ne daga ƙofar gidanki? Yanzu 'yarki da ƙafa take zuwa. In aka maida makarantar can sai adaidaita zuwa da dawowa kullum, ke kin san yadda kuɗin abin hawa ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ki lissafa na sati ki ninka da yara biyu ko uku a gida ɗaya, akwai iyaye maza da yawa da zasu ce ta zauna kawai. Kuma bayan sace ɗaliban da akayi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 ba kowane uba bane zai saki jiki 'yarsa taje karatu bakin daji ba katanga ba maƙwabta.

Ga kuma tambayar da ba'a cika yi ba, ranar da katafila ta shigo ina yaran zasu zauna? Gini irin wanda yake faɗa ba aikin hutun ƙarshen zango bane, in kuɗi suka tsaya a tsakiya shekaru zai ɗauka. 'Yarki baɗi zata zauna WAEC da NECO, tana buƙatar aji da ɗakin gwaje gwaje da zauren jarabawa a wannan shekarar. Duk wanda zai rushe sai ya gama sabuwar tukun, an saka benci an jawo ruwa an kewaye, yara sun koma, sannan a taɓa tsohuwar. Guntun gatarinka ai yafi sari ka bani.

Shi ma mai cewa gyara kar ku ƙyale shi haka nan. Mun sha ganin gyaran da fenti ne kawai a bangon da yake kallon titi da allon sanarwa mai hoton mai girma, ciki kuwa jemagun na nan. Ya faɗa muku da me zai fara, in bai ce rufi da banɗaki da ruwa ba toh bai shiga makarantar ba.

Ni a nawa ganin, abubuwan da kika lissafa, kwano da silin da banɗaki, duk ciwon sama ne, baki ce bango ya rabu ko ƙasa ta zauna ba, irin wannan gyara yake so da ƙarin sababbin azuzuwa acikin filin da kuke dashi. Amma hukuncin wane ɓangare zai tsaya wane zai sauka na injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya rubuta rahoto. Ku matan ku daina gaba, ku sa shugaban PTA ya gayyaci 'yan takarar biyu rana ɗaya, kuma acikin ajin nan mara kwano za'a shimfiɗa tabarma ayi zaman, ku ɗauki amsoshinsu a waya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni matashi ne ina cikin kwamitin kamfen na mai neman ciyaman a ƙaramar hukumarmu, ni nake masa rubutu a Facebook. Oga yana so mu buga a fosta cewa zai gina sabuwar sakandare mai bene a madadin tsohuwar da ta ruɓe, yace tunda kotun ƙoli ta bawa ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu yanzu zai iya. Ni dai jikina bai bani ba, bana son in rubuta abun da gobe za'a tare ni dashi a majalisar unguwa. Zai yiwu kuwa?

AMSA: Ƙanena Allah yayi maka albarka da ka tsaya ka tambaya, dan kai za'a tare ɗin kuwa, shi yana cikin mota gilas a rufe. Hukuncin 11 ga Yulin 2024 cewa yayi a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma aiwatar dashi ma an sha jan ƙafa. Bai ɗauke sakandare daga hannun jiha ya miƙa wa ciyaman ba. A tsarin mulkin 1999 rawar ƙaramar hukuma a ilimi tana wajen firamare ne da yaƙi da jahilci da koyon sana'a. Ciyaman zai iya taimaka wa sakandare da izinin ma'aikatar ilimi, amma ba shi zai rushe ba, ba shi zai turo malamai ba, ba shi zai biya su ba. Kuma bene ba malami me kenan? Manufar ilimi ta ƙasa cewa tayi malami ɗaya ɗalibi 40 a babbar sakandare, kaje ka leƙa ajin ƙarshe na makarantar taku ka ƙirga kawuna, sannan ka tambaya malamin lissafi nawa ne dana kimiyya nawa.

Ka bawa oga shawara ya rage baki ya faɗi abun da aljihun ƙaramar hukuma zai ɗauka. Kai da abokanka biyu ku ɗau littafi ku shiga makarantar da izinin firinsifal, ku ƙirga aji nawa ne ba rufi, yara nawa ke zama a ƙasa, ramin masai nawa ke aiki, akwai ruwa ko babu, ina katanga ta faɗi. Sai a rubuta a fostar, benci kaza kafin ƙarshen zangon farko, banɗaki kaza da rijiya mai sola kafin damina. Wallahi mutane sun gaji da manyan alkawura, wanda ya kawo adadi da wata sai sun fi saurarensa, kuma kafintocin garinku ne zasu samu aikin.

Shi kuma benen da ake ta ɗoki, ka tuna masa da Jos. Ranar 12 ga Yulin 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a unguwar Busa Buji yara na cikin aji, mutum 22 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Bene baya yafe ha'inci. Buhun siminti ɗaya da ya kamata ya fidda bulo wajen 30 sai ɗan kwangila ya buga ninkinsa, ka murza da hannu yana zuba kaman garin kwaki, a rage kaurin rodi, kankaren da yake buƙatar a riƙa bashi ruwa, kuma sai yayi kwana 28 kafin ƙarfinsa ya cika, sai a cire katako a ɗora masa kaya dan ana sauri a yanke kyalle kafin zaɓe. Aji na ƙasa mai faɗin taga da baranda yafi min kwanciyar hankali sau goma, inda fili yake.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon malami ne na yi ritaya, shekaruna sun haura 70. Makarantar da na yi karatu kuma na koyar a cikinta tun zamanin En'e aka gina ta da dutse. Wani yaro ɗan takara ya ce ginin tsohon yayi ne, a share shi a yi na zamani. Mu 'yan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai hankalinmu ya tashi. A wannan zauren aka yi mana jarabawa, mutane da yawa da suka zama wani abu a ƙasar nan daga nan suka fito. Ko akwai abin da za mu iya yi?

AMSA: Baba Malam, ranku ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri kan yaran da kuka koyar. Ina tare daku a mafi yawan maganar. Tsufa kaɗai ba laifin gini bane. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa sukayi karatu, makarantar ta tashi zuwa Kaduna a 1938 sannan Zariya a 1949 inda daga baya ta zama Barewa, amma ginin ƙasar nan na asali yana nan tsaye a Katsina an maida shi gidan tarihi. Bangon dutse irin naku mai kauri yana riƙe sanyi, a watan Afrilu yaro zai zauna ciki ya fahimci karatu, na zamanin kuwa mai siririn bulo da kwano ƙasa ƙasa da ƙarfe sha biyu ya zama tanda. Sau da yawa in ka zaga tsohuwar makaranta zaka tarar na En'e ne a tsaye, waɗanda aka gina cikin gaggawa daga baya su ne suka tsattsage.

Sai dai Baba ku gafarce ni, akwai inda zan ja kaɗan. In har injiniya ya duba yace wani ɓangare ba zai tsaya ba, toh ku ne ya kamata ku fara cewa a fidda yaran, jikokinku ne a ciki. Bangon dutse zai iya zama lafiya lau amma katakon rufin gara ta cinye shi ta ciki, kana gani kaman ƙalau ka soka ƙusa ta shige kaman a tuwo. Sannan tsofaffin silin da yawa na asbestos ne, in yana zaune lafiya ba'a taɓa shi ba da sauƙi, amma in ya farfashe ƙurarsa tana shiga huhu tana jawo ciwon daji bayan shekaru, dan haka in za'a sauke shi ba aikin ɗalibai bane ranar share makaranta, sai an jiƙa shi da ruwa, masu aiki sun rufe hanci da baki, kuma lokacin hutu.

Abun da ƙungiyarku zata iya kuwa yana da yawa, dan kuna da abun da ɗan takarar bashi dashi, mutanenku na cikin kowace ma'aikata. Ku nemo injiniya acikin ɗalibanku ya duba ginin ya rubuta rahoto da sa hannunsa da hatimi, ku kai kwafi ma'aikatar ilimi da ta ayyuka da fadar hakimi, da takarda a hannu ba mai ce muku son zuciya ne irin na tsofaffi. Ku binciki taswirar filin makarantar a ofishin safiyo, ku tabbatar iyakokin na rubuce, inda ba katanga ko ginshiƙai ne ku kakkafa a kusurwoyi. In kuna da ɗan abun hannu a asusu ku fara da rufin zauren jarabawar, dan ruwa ne ke kashe gini ta sama.

Kafin injiniyan yazo ga wani abu da zaku iya yi gobe da safe da fensir da rula. Ku zaga bangon, tsagar da take siririya kaman gashi a jikin filasta ku wuce ta. Wadda ta taso daga kusurwar taga ko ƙofa ta tafi a karkace, yatsa na shiga, ko kana hango haske ta ɗaya gefen, ita zaku tsaya akai. Ku ja layi a inda ta ƙare, ku auna faɗinta ku rubuta a gefe da kwanan wata, ku ɗau hoto. Ku dawo bayan wata ɗaya, ku sake dawowa bayan ruwan Agusta. In tana nan yadda take ku nuna wa injiniya ya faɗi yadda za'a ɗinke ta, in kuwa ta wuce layin fensir ɗin ko bakinta ya ƙara buɗewa, toh a ranar ku samu firinsifal a kwashe yaran daga wannan ajin a sa masa kwaɗo.